Lakwal a Gangara, Agye, Gazawa da Gidan Rumji: daga ina matsalar take?

Gangara ƙaramar hukuma ce ta karkara a kudancin jahar Maraɗi, kusa da iyakar Najeriya. Da can tana ƙarƙashin gundumar Agye, sai a shekara ta 2011, da aka ɗaga Gazawa ta zama gunduma, aka haɗa ta da ita. Duk wanda ya bi babbar hanya daga Gazawa zuwa Agye, ya zarce Maraɗi har Gidan Rumji, zai ga kusan kowane babban ƙauye da tutarsa a tsakar fili da ɗakunan lakwal a gefe. Shekaru 30 da suka wuce ba haka abin yake ba. Amma kukan iyaye a wannan yanki iri ɗaya ne: yaro ya yi shekara shida yana zuwa lakwal, ya kai aji CM2, a miƙa masa takardar likita ya kasa karantawa. Ga dalilan da suka kawo haka, wasu na ƙasa baki ɗaya, wasu kuma na wannan yanki.

Abin da awo ya nuna

Kukan iyaye ba zargi ba ne kawai. A shekara ta 2014 shirin PASEC, na taron ministocin ilimi na ƙasashe masu aiki da Faransanci, ya gwada yaran firamare a ƙasashe 10. Nijar ce ta zo ta ƙarshe: cikin yara goma da ke gab da gama firamare, ko ɗaya cikakke bai kai matakin da ake buƙata ba, a karatu ko a lissafi. A gwajin 2019 an samu ci gaba, kusan uku cikin goma suka kai matakin a karatu, sai dai bakwai ɗin da suka rage su ne mafi yawan ƴaƴanmu. A jarrabawar BEPC ta 2021 kuwa, kusan ɗalibi ɗaya ne cikin biyar ya yi nasara.

An buɗe makarantu da gaggawa, an samo malamai da araha

A nan ne tushen matsalar yake, kuma sai an koma baya kaɗan kafin a gane shi. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Kuɗin uranium na shekarun 1970 ya ba da damar gina azuzuwa da horar da malamai, amma da farashinsa ya faɗi, ƙasa ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da asusun FMI. Aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, albashi ya riƙa makara wata da watanni. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka kashe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai suna zanga-zangar ƙin irin waɗannan matakai, kuma shekarun da suka biyo baya sun cika da yajin aiki, har da shekarun da aka soke karatu ɗungum. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafi da alli suka ƙara tsada.

Da aka shiga shekara ta 2000, yaro ɗaya ne kawai cikin uku ke firamare. Dokar tsarin ilimi ta LOSEN, ta ranar 1 ga Yuni 1998, da shirin shekara goma na PDDE da ya soma a 2003, sun sa gaba a kai lakwal kowane ƙauye. An kuwa kai: cikin shekara goma da ƴan kai adadin ya haura kashi 70 cikin ɗari. Tambayar ita ce, wa zai tsaya gaban allo? Baitulmali ba zai iya biyan cikakkun ma'aikata dubbai ba, sai aka ɓullo da “ƴan sa kai na ilimi” a ƙarshen shekarun 1990, waɗanda daga baya suka koma malaman kwantaragi. Da yawansu masu takardar BEPC ne da ba su taka makarantar horon malamai ba, ko kuma suka samu horon ƴan makonni. Abin da aka ɗauka maganin wucin gadi ya zauna daram, har ƴan kwantaragi suka zama mafi rinjaye, da nisa, cikin malaman firamare.

A watan Yuli 2017 ministan ilimin firamare na lokacin, Daouda Mamadou Marthé, ya shirya wa ƴan kwantaragi gwaji a faɗin ƙasa, duk da adawar ƙungiyoyin malamai. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki. An yi ta yi wa malamai dariya a lokacin, amma dariyar ba ta da wuri: waɗannan malamai ƴaƴan wannan lakwal ɗin ce, ita ta yaye su, gwamnati kuma ta ɗauke su tana sane da abin da ke hannunsu.

Ga kuma yanayin aikin. Ɗan kwantaragin firamare ya daɗe yana karɓar kimanin jika 75 a wata, kuɗin kuma ba kullum yake zuwa kan kari ba. Mushen da aka tura wani ƙauye na Gangara sai ya bar aji ya tafi babban gari ya karɓo haƙƙinsa, tafiyar da kan ci masa kwanaki. In ya samu wata hanya, ko aikin wata ƙungiya, ko kasuwanci a bakin iyaka, ba ya waiwaye. Rabon malamai ma bai daidaita ba: makarantun cikin birnin Maraɗi na iya samun malamai fiye da azuzuwa, galibi mata da suka bi mazajensu, alhali a ƙauye darakta shi kaɗai na riƙe da aji biyu ko uku. Kowa ya san yadda ɗan wani ke samun canjin wurin aiki da waya guda.

Ajin zana

A 2021 hukumomi da kansu sun ce akwai azuzuwan zana da kara kimanin 36.000 a ƙasar. Mutanen birni na kallon wannan a matsayin maganar gini kawai, alhali maganar lokaci ce. Bisa tsari, ana komawa lakwal a farkon Oktoba. Amma rumfar kara ba ta tashi sai an gama girbin hatsi an samu karan, iyaye kuma sun samu sukunin kafa ta, wato Nuwamba, wani wuri har Disamba. Da iskar farkon damina ta taso a watan Mayu ko Yuni, rumfa ta tafi. Yaron ajin zana na iya rasa wata biyu zuwa uku kowace shekara. A tara shi sau shida, an cinye masa fiye da shekara guda ta karatu. A tsakani ga ƙurar hunturu, ga zama a ƙasa babu tebur, ga awaki da ke cin bangon ajin, kuma ba a iya ajiye littafi ko manna taswira a ciki.

Sannan ga wuta. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta kashe yara kimanin 20 a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a Yamai. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, a cikin birnin Maraɗi, wata gobarar ta ci azuzuwan zana ta hallaka yara aƙalla 25, ƴan shekara biyar zuwa shida. Gwamnati ta hana sanya ƴan rainon yara cikin irin waɗannan azuzuwa, amma hani ba ya gina ɗaki. Ko ginin siminti bai tsira ba: ambaliyar 2024, wadda ta fi yi wa jahar Maraɗi ɓarna, ta rusa azuzuwa, waɗanda suka rasa gidaje kuma suka fake a cikin na sauran, har aka ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba.

Harshen da yaro bai taɓa ji ba

Yaron Gangara ya tashi da Hausa a gida, a gona, a kasuwa, a rediyo. Ranar farko a aji CI sai a tarbe shi da Faransanci, a ce ya koyi harshen, ya kuma koyi karatu da lissafi a cikinsa, duk a lokaci guda, a hannun malamin da shi kansa Faransancin bai zauna masa ba. Sakamakon shi ne hadda: yara na rera abin da ke kan allo ba su san ma'anarsa ba. Mu da muka yi lakwal a shekarun baya mun san “sambol”, abin nan da ake rataya wa wanda aka kama yana Hausa a filin makaranta.

Abin takaicin shi ne Nijar na cikin ƙasashen farko da suka gwada mafita. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, binciken da aka yi daga baya kuma ya nuna yaran da suka fara da harshen uwa sun fi saurin kama karatu. Dokar 1998 ta amince da harsunan ƙasa a koyarwa. Amma “gwajin” ya shekara fiye da 40 yana gwaji, babu isassun littattafai, babu malaman da aka horar su rubuta Hausa daidai. Su ma iyaye da dama suna ɗari-ɗari, don a ganinsu Faransanci ne ƙofar aikin gwamnati. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Takarda ce mai nauyi, amma aji ba ya canzawa sai littafi ya iso.

Yara sun fi aljihu gudu

Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17,1 a Nijar, miliyan 3,4 a jahar Maraɗi, yawan jama'a kuma na ƙaruwa da kashi 3,9 cikin ɗari a shekara. Binciken lafiya na wannan shekarar ya nuna mace a jahar Maraɗi na haihuwar ƴaƴa fiye da takwas a tsawon rayuwarta. Ko da komi na tafiya daidai, dole kowace shekara a ƙara dubban azuzuwa da malamai don kawai a tsaya inda ake. Tun daga 2015 kuwa yaƙi a Difa da Tilaberi ke cin kaso mai yawa na kasafi, bayan juyin mulkin Yuli 2023 kuma wasu masu ba da tallafi suka dakatar da kuɗinsu.

Gona, cin rani da aure

A yankin Agye da Gazawa ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan, rumbu kan ƙare tun kafin damina. Mutanen nan ba su manta da yunwar 2005 ba. Yaron da ya fito gida bai karya ba, hankalinsa ba ya kan allo, shi ya sa ake ganin bambanci a fili tsakanin makarantar da ke dafa wa yara abinci da wadda ba ta yi. Saurayi ɗan shekara 13 ko 14 na ganin sa'o'insa sun dawo daga cin rani a Katsina ko Kano da waya da sabuwar riga, ga kuma yayansa mai takardar BEPC na zaune a gida. Lissafin ba shi da wuya. Wasu iyaye kuma sun fi natsuwa da makarantar allo, su tura yaro gabas ko Najeriya wurin malam, don har yanzu ana kallon boko da idon zamanin da sarakuna ke kama ƴaƴan talakawa da ƙarfi a kai wa Nasara. Makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda aka fara a Sayi a 1957, sun rage wannan tsoro, sai dai ba su wadata ba.

Na ƴan mata ya fi tsanani. Binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jahar Maraɗi kusan tara cikin goma. Sau da yawa ba ƙin karatu ne ke kawo auren ba, nisa ne. Firamare na cikin ƙauye, kwaleji kuwa na babban gari. Uba ba zai saki ƴar shekara 12 ta zauna gidan wanda bai sani ba, ko ta riƙa taka kilomita da dama ita kaɗai. Uwa kuma na buƙatar kuɗin talla don tara kayan ɗaki. Dokar da aka sa wa hannu a Disamba 2017 ta tanadi kare yarinya mai karatu, tsohon shugaba Mohamed Bazoum kuma ya soma gina makarantun kwana na ƴan mata, ta farko a Kelle cikin jahar Damagaram. Tunanin ya dace da ciwon, adadin gidajen kwanan ne bai kai ko kusa ba.

Gidan Rumji da tsaro

Gidan Rumji na da nata ƙarin nauyi. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka kwararo gundumar, aka tsugunar da wasu a Cadakori, Ɗan Daji Makau da Garin Kaka, yaransu suka shiga azuzuwan da dama can a cike suke. A ƙauyukan bakin iyaka, satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa na sa malami ya ƙi kwana a wurin aikinsa.

Wa ke sa ido?

Kowace makaranta na da kwamitin kula, wanda aka fi sani da COGES, tsarin da ya samu ƙarfi daga 2004 da tallafin ƙasar Japan, tare da ƙungiyar iyaye da ta uwaye. Inda kwamitin ke da rai, shi ke kafa rumfa, ya nemo wa mushe masauki, ya bi yaran da suka daina zuwa. Amma uban da bai yi lakwal ba, ba shi da hanyar gane ko ɗansa na koyon wani abu, inspekta kuma ba ya zagaye ba tare da babur da mai ba. An miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin gina azuzuwan firamare da kula da su, sai dai hukuma irin ta Gangara, mai dogaro da harajin kai da na kasuwa, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Yara da yawa ma ba su da takardar haihuwa, sai lokacin jarrabawa a tashi neman ta a gaban alƙali.

Ita kanta jarrabawar ta sha canji. Wajen 2014 aka soke CFEPD ta ƙarshen firamare, aka koma dogaro da makin aji. Yara suka kwarara cikin aji na farko na kwaleji, da yawansu ba su iya karatu ba, aka riƙa korar su bayan shekara ɗaya ko biyu. A 2024 ma'aikatar ilimi ta maido da jarrabawar.