Bobby Jones: Lauyan Da Ya Kai Ƙarar Kansa

Kafin in shiga cikin wannan ɗan taƙaitaccen tarihi, ya kamata in shaida wa mai karatu cewa ban taɓa riƙe sandar wasan golf ba. Abin da ya ja hankalina ga mutumin da zan yi magana a kansa shi ne wani abu da ya aikata a shekarar 1925, wanda tun da na karanta shi nake tambayar kaina ko ni zan iya.

An haifi Robert Tyre Jones, wanda aka fi sani da Bobby Jones, a birnin Atalanta ta jihar Jojiya a Amurka, ran 17 ga Maris, 1902. Ya yi digiri a fannin injiniya a 1922, ya ƙara wani a kan adabin Ingilishi a Jami'ar Harvard a 1924, sa'an nan ya karanci shari'a a Jami'ar Emory, ya kama aikin lauya a ofishin mahaifinsa a 1928. Ya auri Mary Malone a 1924, suka haifi 'ya'ya uku. Golf kuwa bai ɗauke shi sana'a ba, don ba ya karɓar ko anini idan ya ci gasa.

Shi wannan wasa, ana buga 'yar ƙwallo ce da sanda har ta faɗa rami, ramuka 18 a zagaye guda, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Bisa dokar wancan zamani, idan ƙwallo ta motsa bayan mutum ya daidaita sandarsa zai buga, sai a ƙara masa bugu ɗaya na tara.

Da ƙuruciya Jones mai zafin rai ne ƙwarai, in bugu ya ƙi sai ya yi jifa da sanda. A 1921, a filin St Andrews na ƙasar Sikotilan, wasa ya dagule masa a zagaye na uku, sai ya tsince ƙwallonsa ya fasa gasar. Wannan abin kunya ya daɗe yana damunsa. An ce hali zanen dutse, amma shi ya yi ta kankarar nasa, har daga 1923 zuwa 1930 ya ci manyan gasa 13.

To, a 1925 ana babbar gasar Amurka a garin Worcester, ƙwallonsa ta faɗa cikin ciyawa a wajen rami na 11. Yana daidaita sanda sai ta ɗan gusa. Ba wanda ya gani sai shi. Alƙalan wasa da abokin karawarsa suka nemi ya bar maganar, ya ce a'a, sai an rubuta masa tara. Da aka gama zagaye huɗu, shi da Willie Macfarlane kowa na da bugu 291. Watau ba don tarar nan ba, da lissafinsa ya kasa na kowa. Aka yi musu wasan raba gardama, Macfarlane ya ci shi da bugu ɗaya. Da mutane suka yi ta yabonsa, sai ya nuna musu cewa wannan daidai yake da a yabi mutum don bai fasa banki ba.

A 1930 ya haɗa manyan gasa huɗu na zamanin, biyu a Birtaniya biyu a Amurka, abin da ba a taɓa yi ba. A shekarar nan, yana ɗan shekara 28, ya daina shiga gasa, ya koma ga ofishinsa da iyalinsa. Shi da Clifford Roberts suka kafa filin Augusta, inda aka fara gasar Masters a 1934. Sai dai tarihi ba ya son rufa-rufa: har ya mutu baƙar fata bai taɓa buga wannan gasa ba, sai a 1975 da Lee Elder ya shiga. Wannan tabo ne da ba zan ɓoye ba.

Daga 1948 ciwon laka ya kama shi, sannu a hankali har ya zaunar da shi a keken guragu. A 1958 mutanen St Andrews, inda ya taɓa yin fushi ya bar wasa, suka ba shi 'yancin zama ɗan garinsu. Kafinsa Ba'amurke ɗaya kaɗai aka yi wa haka, watau Benjamin Franklin. Ya rasu ran 18 ga Disamba, 1971.

'Yan'uwana ɗalibai, mu ma muna da namu ciyayin da ƙwallo ke gusawa ba mai gani, musamman a zauren jarrabawa, gobe kuma a ofis. Kofunan Jones 13 ne, amma wanda ya rasa a 1925 shi ya sa na ɗauki alƙalami.