Nikel Salfet: Siffofinsa, Fa'idarsa ga Masana'antu da Illarsa ga Jiki, Tare da Duba ga Ƙasar Tsafe

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin sinadarin nikel salfet ta fuskar ɗabi'arsa, da ayyukan da masana'antu ke yi da shi, da cutarwar da bincike ya tabbatar yana yi wa ɗan Adam. Hujjar da ta tsayu a kai ita ce, saurin narkewarsa cikin ruwa shi ne asalin fa'idarsa kuma shi ne asalin illarsa, saboda haka ruwan sha da fatar jiki su ne suka fi cancantar lura a ƙasar Tsafe da Gusau da Bungudu.

Gabatarwa

Tun shekarar 1751 da masanin ma'adinai na ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya ware ƙarfen nikel daga wani dutse wanda mahaƙa suka daɗe suna zaton jan ƙarfe ne a cikinsa, wannan ƙarfe yake ta kutsawa cikin rayuwar jama'a, har mutanen ƙasar Hausa suka riƙe shi a hannu tun ba su san sunansa ba, domin kuwa kwabo mai huji da aka kashe a farkon zamanin Turawa garwaye ne na jan ƙarfe da nikel. Amma abin da ake magana a kai a nan shi ne gishirin da ke samuwa idan nikel ya haɗu da asid ɗin ƙibiritu, wato irin wanda ake tsarmawa a zuba cikin batirin mota, gishirin da masana ke rubutawa NiSO₄.

Siffofinsa

Idan babu ruwa a jikinsa, gari ne mai launin rawaya. Amma wanda ake saye da sayarwa shi ne mai ɗauke da ƙwayar ruwa 6, mai sheƙi, launinsa tsakanin shuɗi da kore, wanda kimanin kashi 22 cikin ɗari na nauyinsa nikel ne. Ba shi da wari, ba ya kama wuta, kuma da zarar ya shiga ruwa sai ya narke sarai, ruwan ya koma kore idan ya yi yawa a ciki. Ana samun kaso mai yawa daga matatun jan ƙarfe, inda yake taruwa cikin ruwan tacewa, ana kuma haɗa shi da gangan. Bayan wannan, duk inda aka tono dutse mai nikel da ƙibiritu aka bar shi a sarari, iska da ruwan sama suna iya haifar da shi ba tare da kowa ya nufa ba.

Fa'idarsa

Aikinsa mafi daɗewa shi ne yi wa ƙarfe rufi da ƙarfin lantarki. A shekarar 1916 Oliver Watts na Jami'ar Wiskonsin ta Amurka ya bayyana wani haɗi wanda har yau da shi ake aiki, inda ake narka giram 240 zuwa 300 na wannan gishiri cikin kowace lita ta ruwa, tare da nikel kulorayid da asid ɗin borik, a tsoma ƙarfe a ciki a sakar masa lantarki, sai nikel ya kwanta a kansa ya hana shi tsatsa. Ta wannan hanya ake samun ƙyallin kan famfo da kan bel da zif, kuma shimfiɗar nikel ce galibi ke ƙarƙashin ruwan zinarin da ake yi wa sarƙa da 'yan kunne masu araha. Masu rini da buga yadi a masana'anta sun yi amfani da shi wajen kama launi. A wannan zamani kuwa, batirin motoci masu aiki da lantarki shi ya ɗaga darajarsa, har ƙasar Indonesiya, wadda ta fi kowa haƙo nikel, ta hana fitar da ɗanyen dutsen tun Janairun 2020 domin a sarrafa shi a gida.

Illarsa

Cutar da ta fi yaɗuwa ita ce ta fata, kuma ita ce ta fi kusa da mu. Yarinyar da aka huda wa kunne aka sa mata ɗan kunne mai rufin nikel, idan zafin bazara ya sa gumi ya jiƙa ƙarfen, gumin yakan narka ɗan abin da ido ba ya gani ya shigar da shi cikin hujin. Bayan kwanaki sai leɓatun kunnen ya yi ja, ya kama ƙaiƙayi, ya fitar da ƙananan ƙuraje masu ruwa, a yi ta shafa magani ana cewa kunnenta ne ba ya son ƙarfe, alhali kuwa jikin ya riga ya ɗauki gaba da nikel, gabar da galibi ba ta barin mutum har ƙarshen rayuwarsa. Haka ake ganin tabon a ƙarƙashin cibiya inda kan bel ke gogawa, da wuyan hannu inda agogo ke zama. Likitocin fata da nikel salfet ɗin kansa suke gwaji, su cuɗa kashi 5 cikin ɗari da man basilin su manna a baya na kwana biyu. Tarayyar Turai ta kafa doka a 1994 cewa kayan da ke daɗewa a jikin fata kada su saki fiye da mikirogiram 0.5 a kowane murabba'in santimita cikin mako. Abin da ya kamata masu bincikenmu su lura da shi shi ne, akwai gwaji mai sauƙi da sinadarin dimetilgilayoksim, wanda ake ɗiga wa auduga a goga wa ƙarfe, idan ta koma ruwan hoda to nikel na fita. Da wannan kaɗai ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau zai iya auna kayan adon da ake sayarwa a kasuwar Tsafe.

Shaƙar ƙurar nikel salfet ta fi muni. Sankarar hanci da ta huhu da aka gani tsakanin ma'aikatan matatar Clydach ta ƙasar Wales, wadda Richard Doll ya yi nazarinta a 1958, da ta matatar Kristiansand ta Norwe, tana cikin dalilan da suka sa hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya sinadaran nikel cikin rukuni na ɗaya na masu haddasa sankara a 1990. Game da sha kuwa, Sunderman da abokan aikinsa sun ruwaito a 1988 yadda ma'aikata 32 na wata masana'antar rufin ƙarfe suka sha ruwan da ya gurɓata da nikel salfet, 20 daga cikinsu suka kamu da amai da zawo da jiri da ƙarancin numfashi. An kuma ruwaito a 1983 rasuwar wata yarinya 'yar shekara biyu da rabi da ta haɗiyi kimanin giram 15 na wannan gishiri, abin tausayi, domin a idon yaro ƙwayoyinsa ba su da maraba da alewa.

Mas'alar ruwa a ƙasar Zamfara

Tsafe ba garin masana'antun rufin ƙarfe ba ne, amma jiharta, Zamfara, ta ɗanɗani ɗacin ma'adinai a 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen zinari a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa a jihar a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024, kuma tun 2016 aka yi shelar gano nikel a Dangoma ta Jihar Kaduna, saboda haka neman ma'adinan batir ya riga ya iso ƙasar Arewa.

Malaman fiƙihunmu sun koyar da a dubi launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin a yi tsarki da shi, kuma wannan ma'auni ya wadatar a babinsa. Sai dai iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke wa nikel a ruwan sha miligiram 0.07 ce a lita, kuma rijiya tana iya ninka wannan sau da yawa ruwanta yana nan garau, ido da harshe ba su shaida kome ba. Don haka wajibi ne a ɗebi ruwan rijiyoyin Tsafe, da na Kogin Sakkwato a Gusau da Bungudu, a auna shi da damina da rani tun kafin a buɗe sababbin ramuka, a kuma ajiye sakamakon a inda likita da alƙali da mai unguwa za su iya neman sa.