Sabon Hannu a Bakin Jinya: Daga Ungozoma Zuwa Nas a Ƙasar Mafara

Tun kafin farin kaya da allura su iso Talata Mafara da Bakura da Maradun, jinya tana da masu ita. Wanzami ke yin ƙaho, ya cire beli, ya yi wa yara kaciya da sanyin hunturu. Maɗori ke haɗa ƙashin da ya karye da kara da tsumma. Ungozoma kuwa, galibi tsohuwar da ta gama haihuwa, ita ake kira ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jinjiri, ta tsaya kan wankan jego.

Ba duk abin da suke yi ne alheri ba. Yankan gishiri ya nakasa mata da yawa, aska marar tsabta kuma ta jawo wa jarirai ciwon sarƙewar haƙora. Amma akwai ƙa'ida guda da suka riƙe gam: ba a sakar wa sabon hannu aiki shi kaɗai. Ɗan wanzami yakan yi shekaru yana ɗaukar zabira, yana wasa aska, yana riƙe kan yaro, kafin uban ya miƙa masa aikin. Ranar da aka miƙa ɗin ma, tsohon yana zaune gefe, idonsa na kan hannun ɗan. In hannun ya yi rawa, akwai mai karɓa.

Zuwan Turawa ne ya kawo wani sabon salo. A lokacin, waɗannan gundumomi suna ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, ita ke buɗe ɗakunan shan magani a manyan garuruwa. A kowane ɗaki akan ajiye disfensa, namiji, wanda aka yi wa horo na ɗan lokaci, aka ba shi kwinin da aidin da bandeji da littafin rubuta sunaye. Likita sai in ya fito rangadi. Daga nan aka fara ganin ma'aikacin lafiyar da ke tsaye shi kaɗai gaban marar lafiya, babba yana can nesa, tafiyar yini ko fiye.

A Ikko kuwa ana ta tsara doka. An kafa dokar ungozomomi a 1930, ta rajistar ma'aikatan jinya a 1947, sannan a 1979 aka haɗe hukumar ungozomomi da ta jinya suka zama majalisa guda, wadda har yau ita ke shirya jarrabawa da ba da lasisi. Sai dai takarda ba ta haifar da ma'aikata. Karatun 'ya'ya mata ya yi jinkiri ƙwarai a wannan yanki, maza da dama kuma ba su yarda namiji ya karɓi haihuwar matansu. An daɗe ana dogaro da mata daga Kudu, waɗanda wasunsu suka zo ba su jin Hausa, balle Zamfarci. Kowa zai iya kwatanta halin yarinyar da aka kawo wa mai naƙuda da tsakar dare, ga dangi sun cika ƙofa, ita kuwa ba ta fahimtar abin da suke faɗa.

Aikin kuma bai tsaya jiran a samu hannaye ba. Da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ya bunƙasa, jama'a suka ƙaru, ruwa ya kwanta a magudanai shekara zagaye. Inda ruwa ya kwanta, sauro da tsargiya ba su nisa. A 1996, shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. Ta sake dawowa a ƙarshen 2016 zuwa 2017, wannan karon Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki. A tsakani, a 2010, gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Sabuwar jiha ta dogara da makarantar jinya da ungozoma ta Gusau da kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, amma waɗanda ake yayewa ba su taɓa isar asibitocin karkara ba.

Sai a duba abin daga kusa. Nas ce da ta karɓi lasisi wata biyu da suka wuce, tana aikin dare a ƙaramin asibiti. An shigo da mai ciki a kan babur, tana jijjiga, idanu sun juye. Babu wuta, fitilar waya ce ke haska ɗakin. Uwar mijin ta kama mata hannu tana cewa, "Ɗiyata, ki taimaka mana." Yarinyar ta san karatun sarai: a kwantar da matar ta gefe, a kula da numfashinta, a auna hawan jini, a yi allurar maganin jijjiga, a riƙa duba fitsari da motsin gwiwa, sannan a nemi motar zuwa babban asibitin Talata Mafara. Ta rubuta wannan a jarrabawa, ta ci. Amma a makaranta akwai sista a bayanta. Yau in ta waiwaya, bango za ta gani. Gabanta na faɗuwa, bakinta ya bushe, jijiyar da take nema ta ɓace mata ƙarƙashin yatsa.

Wannan ba ragwanta ba ce, ba kuma ciwon Zamfara kaɗai ba ne. Tun 1974 wata malamar jinya a Amurka, Marlene Kramer, ta rubuta littafi sukutum kan firgicin da ke kama sababbin nas idan suka bar aji suka shiga aiki, ta nuna yana cikin abubuwan da ke korar su daga sana'ar. Tsofaffin ma'aikata a nan sun san maganinsa ba tare da littafi ba. Suna koya wa yara su duba tire da kwabar magani tun farkon karɓar aiki, su karanta sunan allura sau biyu kafin su zuƙa, su yi bisimilla su ja numfashi, su rubuta duk abin da suka yi da lokacinsa, kuma kada su ji kunyar ɗaga waya su ce, "Sista, ga abin da ke gabana." Tsoron da ke sa a sake duba kwalba yana da amfani. Wanda ke sa a ɓoye rashin sani shi ne mai kisa.

An yi yunƙurin gyara har sau biyu, kuma dukansu sun gane inda matsalar take. A ƙarshen 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara: huɗu a kowane ƙaramin asibiti, sababbin yaye tare da waɗanda suka yi ritaya, kowaɗanne asibitoci huɗu kuma a jingine da babban asibiti guda. Tsari ne mai hikima, domin ya zaunar da tsohuwa kusa da yarinya. Abin takaici, alawus ɗin da ya rataya a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi ya riƙa yankewa, gidajen kwana babu, mata suka yi ta tattara nasu-ya-nasu. Daga 2012 zuwa 2020 kuma wani shiri da Ingila ta ɗauki nauyinsa a Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa da Yobe ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, a yi musu karatun share fage, su shiga makarantun jinya, da sharaɗin su koma garuruwansu. 'Yar gari ta san harshe, ta san gidaje, tana da inda za ta kwana. Rabin fargabar ya tafi ke nan.

Sai rashin tsaro ya zo ya dagula lissafi. A 2021 kaɗai an sace ɗalibai mata 279 a Jangebe cikin Fabrairu, aka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura a Agusta, aka kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun ranar 1 ga Satumba. Kwanaki kaɗan bayan haka aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai. Ga nas ɗin ƙauye, wayar nan ita ce sistar da ta rage mata, babur kuma shi ne motar asibitinta. Ƙwararru da yawa sun nemi canjin wurin aiki zuwa Gusau ko Sakkwato, ba kuma mai ganin laifinsu. Waɗanda aka bari a baya galibi su ne mafi ƙarancin shekaru a aiki.

Masu digirin jinya suna samun shekara guda ta horo ƙarƙashin manya kafin a sake su. Yarinyar da za a tura Bakura ko Maradun ta fi kowa buƙatar irin wannan shekara. Hukumomin lafiya na jiha da na ƙananan hukumomi su daina rubuta sunan sabuwar nas ita kaɗai a jadawalin aikin dare. A haɗa ta da babba ko da mai ritaya ce, a biya babbar haƙƙinta a kan kari, a sa musu wutar sola a ɗakin haihuwa, a kuma ba su lambar likitan da zai ɗauki waya ƙarfe biyun dare.