Tubali da Tafiyar Rana

A shekarar 1967, a ƙauyen Odeillo da ke cikin duwatsun kudancin Faransa, masanin kimiyya Félix Trombe da mai zanen gine-gine Jacques Michel suka gina wani gida da ya yi suna. Sun tayar da katanga mai kauri tana kallon kudu, suka shafe ta da baƙin fenti, suka kafa gilashi a gabanta. Da rana katangar ta sha zafi ta ƙoshi, da dare ta riƙa sakinsa a hankali cikin ɗakuna, ba murhu ba inji. Dabarar ta girmi Trombe nesa ba kusa ba, domin a garin Olynthus na tsohuwar Girka, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, an shata tituna yadda gidaje za su fuskanci kudu, ranar hunturu mai tafiya ƙasa-ƙasa ta shiga ɗaki, ta bazara kuma rumfa ta tare ta. Turawa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba sai da man fetur ya yi tsada a 1973. Daga nan aka yi ta gwaji har aka kai ga gidan da aka gina a Darmstadt ta Jamus a 1991, wanda kusan ba ya buƙatar a ɗumama shi.

Abin da ke damuna shi ne, tsadar man da ta koya wa Turai kallon rana ita ce ta cika aljihun Nijeriya, har a 1975 jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Legas. A daidai lokacin da wasu ke neman katangar da za ta riƙe zafi, mu muna rushe tamu, alhali maginan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan ilimi, sai dai sun fi amfani da shi wajen korar zafi. Magini yakan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a dunƙula tubali a shanya, a jera shi gindin katanga da faɗi tana sirancewa zuwa sama. Rufin soro na azara ne, wadda ake tsagawa daga giginya saboda gara ba ta cika cinta ba, a ɗora ƙasa mai kauri a kai. Tagogi ƙanana ne, can sama. Kafin zafin azahar ya ratsa irin wannan bango rana ta yi sanyi, shi ya sa zaure ke da ni'ima da tsakar rana, ɗaki kuma ke da ɗumi a daren hunturu sa'ad da iskar arewa ke kaɗawa. Aikin katangar Trombe ke nan, ba gilashin. Kuma sana'ar ba ta tsaya a ɗakin kwana ba: Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da bakan gizo na azara da ƙasa, sarauta irin ta Sarkin Magina kuwa shaida ce cewa gari ya ɗauki gini ilimi mai shugabanni.

Mai ja da wannan magana yana da hujja, bai kamata a raina ta ba. Ginin ƙasa yana tsoron damina. In ba a yi yaɓe ba, in indararo ya toshe, soro na iya rufta wa mutane, kuma ya sha ruftawa. Magabata sun yi maganin haka da makuba daga ɓawon ɗorawa da katsi daga marina, amma aiki ne na kusan kowace shekara, ga giginya ta yi ƙaranci, ga filin gari ya yi tsadar da kaurin bango ke cin wurin gado. Haka kuma a watan Afrilu, lokacin da dare kansa ba ya hucewa, bango mai kauri yakan mayar da zafi cikin ɗaki, dalilin da ya sa ake kwana a tsakar gida. Wanda ya koma bulo da kwano hutu ya nema, kuma ya sami wani ɓangare nasa. Sai dai ya biya da ɗakin da ba ya shiguwa daga hantsi zuwa la'asar, ya jingina barcinsa ga fanka da wutar da ba ta da tabbas da man janareta.

Amsar waɗannan ƙorafe-ƙorafe ta riga ta tsaya da ƙafarta a yankin Sahel. Masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa da aka matse da inji, ya ɗaga kwanon sama da silin ɗin ƙasa, kwanon na kare bango daga ruwa, iska na bi ta tsakani tana kwashe zafi. A Dandaji ta Nijar ma Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun yi sabon masallaci da irin wannan bulo a 2018, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. Wato kwano da siminti na iya yi wa ƙasa hidima in an ba kowanne gurbinsa.

Kwaikwayon Odeillo kai tsaye kuskure ne a nan. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana na bi ta tsakar ka, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ma ta arewa take karkata. Bangon gabas da na yamma su ke shan wuta, don haka gidanmu tsawonsa ya kamata ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagoginsa su kalli kudu da arewa ƙarƙashin rumfa, a dasa darbejiya ta yamma ta tare ranar la'asar.