Cinikin Biri a Sama: Yadda Ya Kamata a Auna Matasa a Musayar 'Yan Wasan Besbol

Mai bibiyar ƙwallon ƙafa ta Turai ya saba jin an sayi ɗan wasa da miliyan kaza. A babbar gasar besbol ta Amurka, wadda ƙungiyoyi 30 ke fafatawa a cikinta, galibi mutum ake bayarwa a karɓi mutum. Idan ƙarshen watan Yuli ya ƙarato, wato lokacin rufe ƙofar musaya, ƙungiyar da ke hangen kofi takan nemi ƙwararren da zai ƙara mata ƙarfi, ta biya da matasan da take reno a ƙananan rukunoni, waɗanda da yawansu ba su taɓa taka babban fili ba. Matasa su ne kuɗin wannan kasuwa. Ra'ayin da nake son kafawa shi ne, bai dace a yi wa irin wannan ciniki hukunci da abin da yaron ya zama daga baya ba. Ma'aunin gaskiya shi ne abin da aka sani game da shi ranar cinikin, da kuma irin buƙatar da ƙungiyar ke da ita ga nasara a wannan shekarar.

Sai an fahimci dokar aiki kafin a gane abin da ya sa matashi ke da tsada. Tun yarjejeniyar 1976 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓar inda zai buga sai ya cika shekara shida yana aiki a babbar gasa. A shekaru ukun farko, yawanci abin da ake biyansa bai wuce mafi ƙarancin albashi da yawa ba, wanda ya kasance dala 740,000 a 2024. A ƙarshen wannan shekarar kuwa Juan Soto, da ya samu 'yancinsa, ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 765 na shekara 15 da New York Mets. Tazarar da ke tsakanin waɗannan adadi biyu ita ce ainihin hajar da ake ciniki. Wanda ya karɓi matashi ya karɓi damar morar gwani na shekara shida, ukun farko a farashin almajirin sana'a, idan har yaron ya zama gwanin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ake yawan mantawa.

Masu ganin bai kamata a taɓa sakin matashi ba suna da shaidar da suke ji da ita. A watan Agustan 1987 Detroit Tigers ta ba Atlanta Braves wani mai jifa ɗan shekara 20, John Smoltz, ta karɓi Doyle Alexander mai shekara 36. Smoltz ya yi nasara a wasa 213 a rayuwarsa, ya ci kofin World Series a 1995, aka shigar da shi zauren karrama gwarzaye na Cooperstown a 2015. Amma a dubi abin da ke gaban Detroit a ranar. Smoltz yana fama a ƙaramin rukuni, nasara 4 da rashin nasara 10. Alexander kuwa ya zo ya ci wasa 9 ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba, kuma Detroit ta lashe rukuninta a ranar ƙarshe ta kakar, bayan ta sha gaban Toronto. Abin da ta saya ta samu. Cewa yaron ya zama gwarzo bai mayar da shawarar ta zama wauta ba, domin cikin matasa masu irin wannan sakamako, waɗanda ke zama Smoltz ba su taka kara sun karya ba. Tarihi yana riƙe sunan wanda ya haskaka, ya bar ɗimbin waɗanda aka yi musayarsu suka ɓace ba a sake jin ɗuriyarsu ba, sai ƙwaƙwalwarmu ta yi lissafi da rabin shaida.

Ga ɗaya fuskar. A Disambar 2007 Florida Marlins ta miƙa wa Detroit Miguel Cabrera, yana ɗan shekara 24 kuma gwanintarsa ta riga ta bayyana, tare da Dontrelle Willis, ta karɓi 'yan wasa shida, cikinsu da Cameron Maybin da Andrew Miller waɗanda ake yi wa kallon manyan gobe. Cabrera ya zama gwarzon gasarsa a 2012 da 2013. Babu ko ɗaya cikin shidan da ya zama tauraro a rigar Marlins. Miller sai da ya bar ƙungiyar kafin ya gane kansa. Hausawa suka ce ba a cinikin biri a sama, kuma wannan ciniki ya nuna dalili.

Za a iya cewa wannan ma'auni yana wanke kowane manaja, tunda kowa zai ce da abin da ya sani ya yi aiki. Ba haka ba ne, kuma cinikin Jeff Bagwell shaida ne. A Agustan 1990 Boston Red Sox ta ba Houston Astros shi domin ta samu Larry Andersen, mai jifan ƙarshen wasa ɗan shekara 37 wanda kwantiraginsa ke dab da ƙarewa. Bagwell ba ya cikin duhu kamar Smoltz. Yana cikin waɗanda suka fi kowa iya bugu a rukuninsa a wannan kakar. An ba da wanda shaidarsa ke a fili saboda aikin wata guda. Wannan kuskure ne tun ranar da aka yi shi, ko da Bagwell bai kai ga tsallakar da ƙwallo katanga sau 449 ba.

Saura batun lokaci. Nasara ɗaya ba ta da daraja iri ɗaya ga kowa: ga ƙungiyar da ke ƙasan tebur kusan ba ta sauya komai, ga wadda ke bakin kofi kuwa tana iya zama komai. A Yulin 2016 Chicago Cubs ta ba New York Yankees Gleyber Torres, ɗan shekara 19, da wasu uku, domin Aroldis Chapman, tana sane cewa wata uku kawai za ta more shi. Chapman ya koma Yankees da kakar ta ƙare, Torres ya zama fitaccen ɗan wasa. Amma Cubs ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1908. Lissafin da ke ƙidaya shekarun arha kawai zai ce ta yi asara, kuma a nan ne nake ganin rauninsa. Rarar kuɗin da ake samu daga matashi aljihun mai ƙungiya take shiga, alhali 'yan kallon da ke sayen tikiti kofi suke jira. Manajan da ya ƙanƙame matasansa a shekarar da ƙofa ta buɗe masa, sau da yawa yana kare kansa ne daga zargin gobe, ba ƙungiyarsa yake yi wa hidima ba. Cubs ta yi daidai a 2016, Detroit ta yi daidai a 1987, Boston ce ta yi kuskure a 1990.