Cunciu

Cunciu *suna, namiji.* Kundin tarihin masarautar Lu ta ƙasar Sin, ɗaya daga cikin manyan littattafai biyar na mabiya Kwanfushiyas. Ma'anar sunan: bazara da kaka. Ya ƙunshi mulkin sarakuna 12, daga 722 zuwa 481 kafin Miladiyya, cikin gajerun jimloli: yaƙi, rasuwa, husufin rana.

Malaman da suka biyo baya, musamman masu sharhin Gongyang da Guliang, sun ɗauka Kwanfushiyas ne ya tace shi, kuma kowace kalma yabo ce ko zargi. A shekara ta 607 kafin Miladiyya kundin ya ce waziri Zhao Dun ya kashe sarkinsa na masarautar Jin, alhali ɗan'uwansa Zhao Chuan ne ya yi kisan. Wani sharhin kuma, na Zuo, ya bayyana dalili: wazirin ya gudu amma bai ƙetare iyaka ba, da ya dawo kuma bai hukunta makashin ba, don haka jinin ya hau kansa. Hukunci ne mai tsanani, amma ba zalunci ba ne.

A zamanin daular Han, alƙalai sun riƙa kafa hujja da kundin wajen yanke shari'a.