Daga Ina Yoga Ta Fito? Abin da Iyaye da Malamai Ya Kamata Su Sani Kafin Yaro Ya Fara

Tun da salula mai intanet ta wadata a hannun yara, akwai kalmomin da suka shigo gidajenmu ba sallama, kuma yoga na cikinsu. Yarinya ƴar kwalej za ta ga bidiyo a TikTok ko YouTube, wata mata ta shimfiɗa tabarmar roba tana lanƙwasa jiki kamar ba ta da ƙashi, kashegari sai a iske ta a tsakar gida tana gwadawa. Uwa ta tambayi uba, uba ya tambayi mushen da ke koyar da motsa jiki a lakwal, shi ma sau da yawa abin da ya ji a bakin wani zai maimaita.

Amsoshin da nake ji iri biyu ne. Wasu na cewa bautar Indiyawa ce, a nisance ta baki ɗaya. Wasu na cewa miƙe jiki ne kurum da aka gada tun shekara dubu biyar. Kowane ɓangare ya riƙe gefe guda na gaskiya ya saki sauran. Yoga gini ne hawa-hawa, kuma hawan da yaranmu ke gani a bidiyo shi ne na ƙarshe, wanda bai wuce shekara ɗari da ƴan kai ba. In muka bi hawayen nan ɗaya bayan ɗaya, za mu san abin da za mu ce wa yaro in ya nemi izinin farawa.

Da farko zama ne

Kalmar yoga daga Sanskirit take, tsohon harshen addini da ilimi na ƙasar Indiya. Saiwarta tana nufin ɗaurawa ko haɗawa, kamar yadda manomi ke ɗora wa shanun huɗa karkiya don su ja garma tare. Wani tsohon littafinsu mai suna Katha Upanishad, wanda aka tsara ƙarnoni kaɗan kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kwatanta ji da gani da sauran gaɓoɓi da dawakan da ke jan keke, waɗanda in ba a riƙe linzaminsu ba sai su yi daji da mai shi. Riƙon linzamin nan shi ne yoga a wancan zamani.

Littafin da ya fi shahara a fannin shi ne Yoga Sutra na wani malami da ake kira Patanjali, wanda masu bincike da yawa ke cewa an haɗa shi wajen shekara ta 400 Miladiyya. Gajerun jimloli ne 195, a wasu kwafe-kwafe 196, irin matanin da ɗalibi ke haddacewa malami ya yi masa sharhi. Ya kasa hanyar zuwa matakai takwas. Na farko hali ne: barin cutar da mai rai, faɗar gaskiya, barin sata, kame kai daga sha'awa, da barin kwaɗayin tara abin duniya. Sai a mataki na uku aka zo kan abin da suke kira asana, wato yanayin da ake ajiye jiki, kuma jimla uku kacal aka ba shi cikin littafin duka. Abin da ake nufi shi ne zaman da mutum zai iya daɗewa a kai bai motsa ba bai wahala ba. Daga nan sai sarrafa numfashi, da janye hankali daga abin da ke waje, da tattara tunani wuri guda. Babu tsayuwa bisa ka, babu tsalle.

Manufar kuwa ta addini ce. Masu wannan hanya sun yi imani cewa rai yana mutuwa ya sake dawowa duniya cikin wani jiki, kuma yoga ce za ta kuɓutar da shi daga wannan kai-da-kawo. Saboda haka wanda ya ce akwai aƙida a asalin yoga bai yi ƙarya ba.

Tsakanin ƙarni na 11 da na 15 sai wani reshe ya bunƙasa, hatha yoga, wanda ya mayar da hankali ga jiki. Masu yin ta galibi masu gudun duniya ne da suka bar gida da iyali. Littafinsu Hatha Yoga Pradipika, na ƙarni na 15, ya bayyana asana 15, har da masu wuya irin wadda ake kira ta ɗawisu, inda mutum ke ɗauke jikinsa duka bisa tafin hannuwa. Wani na bayansa, Gheranda Samhita, ya kawo 32. Littattafan nan sun nanata cewa a hannun malami ake koyon abin.

Malaman Musulmi sun riga mu bincike

Wannan ɓangare ne ya fi burge ni, don ba kasafai ake ambatarsa ba. Abu Raihan al-Biruni, masanin nan da aka haifa a Khuwarizm a shekarar 973, ya koyi Sanskirit, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, sannan wajen 1030 ya rubuta babban littafinsa a kan Indiya da aƙidun mutanenta. Ya karanta don ya san abin da mutane ke kai, ya bayyana shi yadda yake, kuma bai bar addininsa ba.

A ƙarni na 16 kuma wani shehin ɗariƙar Shaɗɗariyya, Muhammad Gaus na garin Gwaliyor, ya mayar da wani littafin yoga zuwa Farisanci da sunan Bahrul Hayat. Kwafin da aka yi wa zane wajen shekara ta 1600, zamanin daular Mugal, yana cikin mafi daɗewar littattafan da suka nuna hotunan asana ɗaya bayan ɗaya, kuma galibinsu na zaune ne. Yau yana ajiye a ɗakin karatu na Chester Beatty a birnin Dublin. Abin da na ɗauka a nan shi ne magabata sun fara sanin abu kafin su yanke masa hukunci.

Yadda ta koma motsa jiki

A zamanin mulkin mallakar Ingila darajar masu hatha yoga ta faɗi warwas. Turawa, har da Indiyawa ƴan boko, suna yi musu kallon mabarata da ƴan dabo masu kwanciya bisa ƙusoshi a kasuwa. Lokacin da Swami Vivekananda ya yi jawabinsa a taron addinai na Shikago a 1893, ya kuma fitar da littafinsa Raja Yoga a 1896, tunani da falsafa ya kai wa Amurkawa. Lanƙwasa jiki bai ba shi wani muhimmanci ba.

Sauyin ya zo ne a farkon ƙarni na 20. A lokacin duniya ta kamu da son gina jiki, kuma tsarin atisayen ƙasar Suwidin ya shiga makarantu da barikokin soja na Indiya. Turawan mulki suna yi wa Indiyawa gorin rauni, su kuma masu kishin ƙasa suna neman hanyar ƙarfafa matasa wadda za su ce tasu ce. Sai suka waiwayi tsohuwar hatha yoga, da atisayen ƴan kokowarsu, don su ma suna da kokowar gargajiya kamar mu. A 1924 Swami Kuvalayananda ya buɗe cibiyar Kaivalyadhama a Lonabla, inda aka riƙa auna tasirin asana da numfashi da kayan likita. Sarkin wata ƙaramar masarauta mai suna Aundh, Bhawanrao Pant Pratinidhi, ya yayata jerin motsin da ake kira Surya Namaskar, ma'ana gaisuwa ga rana, har ya sa ana yin sa a makarantun ƙasarsa. Jerin nan da yau ake buɗe darussa da yawa da shi ba ya cikin asana 15 ɗin da na ambata.

Mutumin da ya fi kowa tasiri shi ne Tirumalai Krishnamacharya (1888-1989). A 1933, da goyon bayan sarkin Maisur, ya buɗe makarantar yoga a fadar Jaganmohan. Ɗalibansa galibi yara maza ne masu jini a jika, don haka ya tsara musu darasi mai sauri, ana fita daga wannan yanayi a faɗa wancan tare da numfashi. Wani masanin tarihi, Mark Singleton, ya nuna a littafinsa Yoga Body na 2010 cewa wasu motsin suna kama ƙwarai da atisayen Turai na wancan zamani. Masana suna jayayya kan yawan abin da aka aro, amma an yarda cewa a shekarun nan ne yogar motsa jiki ta samu siffar da muka sani.

Cikin ɗalibansa akwai ƙanen matarsa, B.K.S. Iyengar, wanda ya tashi da jinya: zazzaɓin cizon sauro, da taifod, da tarin fuka duk sun taɓa shi yana yaro. Ya rayu shekara 95. Littafinsa Light on Yoga na 1966 ya ƙunshi asana wajen 200 da hotuna wajen 600. Ku duba tazarar: daga jimla uku, zuwa 15, zuwa 200. Shi ne kuma ya yaɗa amfani da ɗamara, da bargo, da ɗan katako, don mai taurin jiki ko tsoho ya iya yi bai ji ciwo ba. Wata ɗalibar, Indra Devi, haifaffiyar birnin Riga, ta buɗe makaranta a Holiwud, taurarin fim suka shiga, daga nan yoga ta zama abin matan birni a Amurka. Ita kanta tabarmar robar sai a shekarun 1980 ta bayyana, daga wata shimfiɗa da ake sawa ƙarƙashin kafet. Mutanen da bisa ciyawa, ko ƙyalle, ko fatar dabba suke zama, kamar dai buzunmu.

A ranar 11 ga Disamba 2014, bisa shawarar firaministan Indiya Narendra Modi, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya. A 2016 hukumar UNESCO ta saka ta cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam. Ƙasashen Musulmi kuwa ba su yi magana da murya ɗaya ba. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita a 2008. Majalisar malaman Indunusiya, a 2009, ta hana wadda ke ɗauke da karance-karancen ibadar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuma ta amince da ita a matsayin wasa a 2017.

To, mai son farawa fa?

Abu na farko da tarihin nan ya koya mana shi ne mu tambayi wace yoga. In yaronka ya ce zai fara, zauna ku kalli darasin tare daga farko har ƙarshe. Ana rera wasu kalmomi irin su Om? Ana ambaton sunayen alloli? Ana fuskantar rana da nufin girmamawa? Ko kuwa miƙe baya da ƙafafu ne da jan numfashi a hankali? Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya je wurin malamin addininsa da cikakken bayanin abin da ya gani, don fatawa gwargwadon tambaya take fitowa. Miƙe jiki kuma ba na wata al'umma ɗaya ba ne. Malamin lakwal zai iya koyar da motsin da ya ga yana da amfani da sunayen Hausa, ya bar duk abin da ya shafi ibada.

Na biyu, abin da ake gani a bidiyo aikin shekaru ne. Mai farawa minti 10 zuwa 15 sun ishe shi, da sanyin safiya ko bayan la'asar in rana ta yi sauƙi, ba bisa cikakken ciki ba. Ba sai an kashe ko dala wajen tabarmar roba ko matsattsun tufafi ba. Tabarmar kaba da ba ta zamewa, da sutura mai walwala, sun wadatar. A fara da tsayuwa miƙe, da sunkuyawa a hankali gwiwa na ɗan lanƙwashe, da kwanciya rigingine ana numfashi ta hanci. Jin tsoka na miƙewa ba komai, amma da an ji zafi a gaɓa sai a tsaya. Tsayuwa bisa ka ko bisa wuya, da dogon riƙe numfashi, a bar su sai da ƙwararren malami a kusa. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗanyen ma yana karyewa in aka yi masa da ƙarfi. Malamai su kula kada abin ya zama gasar wa ya fi lanƙwasuwa a cikin aji.

Na uku, yoga ba ta maye gurbin magani. Bincike ya nuna tana ɗan taimaka wa masu ciwon baya da masu yawan damuwa, amma kada wani ya ajiye maganin hawan jini ko na suga don ya ga an yi masa alkawari a Facebook. Mai juna biyu, da mai hawan jini, da mai sikila, da yaron da bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, su fara jin ta bakin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar kimanin minti 60 a kowace rana na motsin da ke sa zufa da haki, kuma yogar masu farawa ba ta cika kai nan ba. Saboda haka kada ta kori ƙwallo, da langa, da tsallen igiya, da kokowa a dandali.

Sarkin Aundh da sarkin Maisur sun dubi halin da matasansu ke ciki, suka zaɓi abin da zai amfane su daga gadonsu da na baƙi, suka kai shi makaranta. Mu ma aikin da ke gabanmu ke nan, iyaye a gida, malamai a lakwal. Yaron da aka ce masa "a'a" ba tare da dalili ba zai koma ya tambayi salularsa, ita kuwa ba za ta ce masa ya kula da wuyansa ko da aƙidarsa ba.